Kaburbura Biyu na Maijirgi

Wanda ya taso daga Mayahi za shi Damagaram, sai ya biyo ta Tasawa, ya hau babbar hanya, ya nufi gabas. Ba zai yi nisa ba zai iso Maijirgi. Motoci suna wucewa ta garin dare da rana, amma matafiya da yawa ba su san akwai kaburbura biyu na Turawa a can ba. An ce sojan Faransa biyu ne aka rufe a ciki, a watan Yuli na shekarar 1899. Sunan ɗaya Bule, sunan ɗayan Shanwan. Da Faransanci ana rubuta su Voulet da Chanoine. A shekarar 1923 aka tone kaburburan nan. Ba a tarar da kowa a ciki ba.

To, su wane ne waɗannan mutane? Me ya kawo su ƙasar Tasawa? Ina kuma gawarsu ta shiga? Tambaya ta farko da ta biyu suna da amsa. Ta uku ce ta gagara har yau.

Yadda aka raba ƙasa a kan takarda

A wancan zamani Turawa suna tseren kama ƙasashen Afirka. Ingila tana tahowa daga kudu, Faransa tana tahowa daga yamma. Ranar 14 ga watan Yuni 1898 wakilansu suka zauna a birnin Pari, suka shimfiɗa taswira, suka raba ƙasar Hausa. Suka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato, suka ja baka mai nisan kamar kilomita 160 daga birnin. Abin da ke cikin bakan na Ingila, abin da ke wajensa ta arewa na Faransa. Ba a tambayi Sarkin Musulmi ba, ba a tambayi Sarkin Gobir ba, balle talaka mai noman gero.

Faransa tana son ta kai Tafkin Cadi. Sai ta shirya rundunoni uku. Ɗaya ta taso daga Aljeriya ta ratso hamada. Ɗaya ta taso daga Kwango. Ta uku ita ce za ta taso daga yamma, ta ƙetare kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Hausa. Wannan ta ukun ce aka danƙa wa kaftin Bule, aka ba shi kaftin Shanwan ya zama mataimakinsa.

Dukansu biyu samari ne. Bule yana da shekara 32, Shanwan bai cika 30 ba. Amma an riga an san su. Su ne suka ci ƙasar Mosi, suka shiga Wagadugu a shekarar 1896, kuma da wuta da kisa suka ci ta. Da suka koma gida ba a tsawata musu ba, yabo ma suka samu. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta. Ku kuma sani uban Shanwan janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi na Faransa na ɗan lokaci a shekarar 1898.

Runduna mai cin hanya

Bule ya biyo kogi cikin jiragen ruwa ta Tumbutu. Shanwan ya biyo ƙasa ta Mosi, yana kama mutane da ƙarfi su yi masa dako. Suka haɗu a bakin kogi, wajen Sansanin Hausa, a farkon watan Janairu 1899. Turawan cikinsu ba su kai 10 ba. Sauran duk baƙar fata ne: soja da ake kira tirayar, da mahayan dawaki, da tafintoci, da masu dako wajen 800, da mata. Suna da igwa guda. Da tafiya ta yi tafiya, taron ya kusa mutum 2000, ban da dawaki da raƙuma da jakuna da shanun da suke kwasowa a hanya.

Yanzu ku yi lissafi. In kowane mutum zai sha lita 4 ta ruwa a yini, mutum 2000 za su sha lita 8000. Ba a sa dabbobi a ciki ba, ba a sa ruwan tuwo ba. Wace rijiyar ƙauye ce za ta ɗauki wannan a tsakiyar rani? Wane rumbu ne zai ciyar da su ko da kwana biyu? Gwamnatin Faransa ba ta ba su guzurin da zai ishe su ba. An bar su su ci daga abin da suka tarar. Ma'anar wannan ita ce su ci daga bakin talakawa.

Haka kuwa aka yi. In sun iso gari, sai su nemi hatsi da dabbobi da masu dako da ɗan jagora. Garin da ya yi gardama a ƙone shi. Garin da mutanensa suka gudu, shi ma a ƙone shi. Ɗan jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi. Mai dakon da ya gaji ya kasa tashi a kashe shi. Tun a Sansanin Hausa, cikin watan Janairu, suka kashe mutum 101, da mata da yara a ciki, wai don an ji wa wasu sojansu rauni.

Ba ko'ina aka tsaya ana kallonsu ba. Ranar 16 ga watan Afrilu suka auka wa Lugu, a ƙasar Arewa, garin Sarauniya Mangu. Maharbanta suka tare su da kwari da baka, suka ja da baya cikin kurmi mai ƙaya, suka yi ta harbi daga can. Rundunar ta ƙone harsashi wajen 7000, an kashe mata soja 4, an ji wa 6 rauni. An ƙone garin, amma ba a kama Sarauniya ba. Labarinta ne Abdullahi Mamani ya rubuta a littafinsa mai suna Sarraounia a shekarar 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi silima a 1986.

Ƙishirwa ta hana Bule bin hanyar arewa da takarda ta ba Faransa. Sai ya kutsa cikin rabon Ingila, inda rijiyoyi da garuruwa suke. A watan Mayu ya iso Birnin Ƙwanni, babban gari mai ganuwa. Aka harba igwa, aka shiga, aka yi kisan da ya fi kowane muni a tafiyar duka. Masana tarihi suna cewa dubban mutane ne suka mutu a can. Daga nan suka bi ta Gobir, suka taɓa Tsibiri, suka nufo ƙasar Tasawa. Lokacin damina ta sauka. Kowane ɗan manomi ya san yadda watan Yuli yake: gero bai yi ba, rumbu ya yi ƙasa, mai gida yana auna hatsi da tiya yana ƙidayar kwanaki. A irin wannan lokaci ne baki 2000 suka sauka a kan ƙauyukan nan. A Koran Kalgo mutanen gari suka yi tsayin daka, suka kashe soja biyu. Bule ya rama a kan mata da yara, aka kashe wajen 150.

Wasiƙar da ta tona asiri

A cikin Turawan rundunar akwai wani laftana mai suna Peto (Peteau). Ya yi faɗa da Bule, aka kore shi a ƙarshen watan Janairu. A hanyarsa ta komawa ya rubuta wa budurwarsa doguwar wasiƙa, ya zayyana abin da ya gani. Ba don shi mai tsabtan hannu ne ba, domin shi ma da shi aka fara ɓarnar. Wasiƙar ta isa Faransa, ta faɗa hannun wani ɗan majalisa, wato dapite, mai suna Vigné d'Octon, daga nan ta kai ga ministoci. A watan Afrilu gwamnati ta buga waya, ta ce a aika babban soja ya bi sawun rundunar, ya bincika, in maganar gaskiya ce ya karɓe shugabanci daga hannun Bule.

Wanda aka zaɓa shi ne kanal Kulob (Klobb), wanda ya yi mulkin Tumbutu. Ya ɗauki laftana Meniye (Meynier) da soja da ba su wuce 50 ba. Suka yi tafiyar kamar kilomita 2000. Bayan sun ƙetare kogi ba su bukaci mai nuna musu hanya ba. Toka da kangaye da gawawwaki su ne suka nuna musu. Kulob yana rubuta abin da ya gani kullum a littafinsa: garuruwa ƙonannu, rijiyoyi da gawa a ciki, mutane rataye a itatuwa. A Koran Kalgo ya tarar da ƴan mata ƙanana a rataye. Wannan littafi yana cikin manyan shaidun da ake da su yau.

Kwana huɗu a ƙasar Tasawa

Da Kulob ya matso kusa, sai ya aika wa Bule takarda, ya sanar da shi zuwansa. Bule ya mayar da amsa cewa yana da bindiga 600, in kanal ya ƙara matsowa zai ɗauke shi abokin gaba. Bai nuna wa sauran hafsoshinsa abin da ake ciki ba. Ya ɗebi wasu soja ya fita tarye.

Suka gamu a Dankori da safiyar 14 ga watan Yuli 1899. Wannan rana kuwa ita ce babbar sallar ƙasar Faransa. Kulob ya sa kayan sarki, ya maƙala lambarsa a ƙirji, ya hau doki. Ya hana sojansa harbi, ko da an harbe su. Yana tsammanin ba sojan Faransa da zai ɗaga bindiga a kan kanal ɗin Faransa. Bule ya yi masa tsawa ya koma. Kulob ya ci gaba da matsowa. Bule ya ba da umurni, aka buɗe wuta. Kulob ya faɗi matacce, Meniye ya sami rauni a ƙafa, sojansu suka watse.

Da maraice Bule ya tara Turawansa. Ya cire galan daga rigarsa. Ya gaya musu shi yanzu ba Bafaranshe ba ne, sarkin baƙar fata ne, zai kafa daular kansa da sojan da ke hannunsa. Wanda yake so ya bi shi, wanda ba ya so ya tafi. Shanwan ya bi shi. Laftana Paliye (Pallier) da laftana Jowalan (Joalland) suka janye zuwa wani ƙauye mai suna Nafuta, inda ake jiyyar Meniye. Bule da Shanwan suka sauka Maijirgi da yawancin soja.

Amma akwai abin da Bule bai lissafa ba. Sojan nan suna da gida. Yawancinsu daga ƙasashen yamma suka fito, inda Mali da Burkina Faso suke a yau. Sun bar iyaye da gonaki, suna jiran ranar komawa. Da suka gane cewa bin Bule yana nufin ba su ba gida har abada, kuma Faransa za ta ɗauke su ƴan tawaye, sai suka juya masa baya. Ranar 16 ga wata suka kwashe bindigogi da igwa suka fita daga sansani. Labarin da aka rubuta ya ce Shanwan ya hau doki ya sukwano wajensu yana harbi, suka bindige shi. Bule ya tsere cikin daji. Da gari ya waye, ranar 17, ya komo, mai gadi ya hana shi shiga, suka yi musayar wuta, Bule ya faɗi. Aka rufe su biyun a Maijirgi.

Mutuwarsu ba ta tsai da yaƙin ba. Paliye ya karɓi rundunar, ya nufi gabas. A ƙarshen watan Yuli aka gwabza a Tirmini, aka ci Damagaram. Sarki Amadu Kuran Daga ya fita daga birni, aka kashe shi a watan Satumba. Jowalan da Meniye suka ci gaba har Tafkin Cadi, suka haɗu da sauran rundunoni biyu, aka yi yaƙi da Rabe a Kusiri ranar 22 ga watan Afrilu 1900. Abin da aka aiko Bule ya yi, an yi shi. Daga baya, a 1904 da 1906, Ingila ta yarda aka gyara iyaka, Ƙwanni da Tsibiri da Maraɗi suka koma hannun Faransa, don ta sami hanya mai ruwa daga kogi zuwa Damagaram.

Wai hauka ne?

Da labari ya isa Pari, jaridu suka yi ta kururuwa. Amma ku lura da abin da ya fi tayar musu da hankali: Bature ya kashe Bature, kaftin ya harbe kanal. Mutanen Ƙwanni da na Koran Kalgo sun zo daga baya. A shekarar 1900 Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike, ƴan majalisa suka ƙi. Binciken da ma'aikatar mulkin mallaka ta yi aka rufe shi a 1902. Aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa ƙwaƙwalwar mutanen nan biyu. Har suna aka ba wannan ciwo, wai sudanit, ciwon ƙasar Sudan.

Wannan magana tana da wuyar haɗiyewa. Rana ɗaya ce ta doki Bule ta doki Kulob, me ya sa ɗaya ya haukace ɗaya bai haukace ba? Kuma mun ga abin da suka yi a Mosi tun 1896, aka yaba musu, aka ƙara musu aiki. Mahaukaci ba ya tafiyar da runduna wata shida, yana rubuta rahoto, yana lissafin harsashi. Sannan ba su biyu kaɗai suka ƙone garuruwan ba. Sauran hafsoshin suna nan, sun ba da umurni, sun gani. Ba wanda aka gurfanar gaban alƙali a cikinsu. Jowalan ma har janar ya zama. Faɗin cewa hauka ne ya sauƙaƙa wa kowa: laifi ya bi matattu biyu cikin rami, masu rai suka wuce abinsu.

Ramin da ba kowa

Shekara 24 bayan haka, a 1923, wani saurayin kumandan yana aiki a Tasawa, sunansa Robert Delavignette. Ya sa aka tone kaburburan Maijirgi. Aka tarar da su wayam.

Daga nan magana ta yi yawa. Mu duba abin da zai iya zama, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai bin sawun ɓarawon akuya yake yi.

Wataƙila namun daji ne. An rufe su cikin gaggawa, da damina, ƙasa da taushi, sojan suna ɗokin tashi. In ramin bai yi zurfi ba, kura ba ta bukatar gayyata. Sai dai kura takan bar wani abu, ko maɓallin riga, ko guntun ƙashi, ko ƙarfen ɗamara.

Wataƙila kuma wurin da aka sa alama ba shi ne wurin da aka rufe su ba. Rundunar ta tashi ta bar garin cikin ƴan kwanaki. Iska da ruwan sama suna shafe tudun kabari cikin damina biyu ko uku, wanda ya taɓa neman tsohon kabari a maƙabartar ƙauye ya san haka. In wani ya zo daga baya ya tambaya, aka nuna masa gindin itace aka ce nan ne, zai gina alamarsa a nan, ko daidai ko ba daidai ba. Wannan bayani ba shi da daɗin ji kamar sauran, amma ya fi su sauƙin faruwa.

Yana yiwuwa kuma wasu ne suka fitar da gawawwakin. Mutanen da aka ƙone musu rumbu aka kashe musu ƴaƴa ba su da dalilin girmama waɗannan kaburbura. Su ma Turawan mulki suna da dalilin kawar da su a ɓoye, don kada wurin ya zama abin nuni.

Sai bayani na huɗu, wanda ya fi yawo a bakin mutane, har cikin littattafan Faransa. Wai ba a kashe su ba sam. Wai sauran hafsoshin ne suka shirya da su: ku ɓace, mu kuma mu rubuta cewa kun mutu, kowa ya huta. Domin da an kai Bule gaban shari'a a Pari, da bakinsa ya buɗe, da ya ambaci sunan duk wanda ya sa hannu, kuma ga ɗan janar a cikin maganar. Masu wannan zance suna ƙarawa da cewa an yi ta jin labarin wani farin sarki a cikin hamada, wajen duwatsun Tibesti, a shekarun da suka biyo baya, wai shi ne Bule.

Me ya ba wannan zance ƙarfi? Abu guda ne. Labarin mutuwar mutanen nan biyu ya fito ne daga rahoton hafsoshin da suka rage, su kuwa manyansu suna Nafuta sa'ad da abin ya faru, kuma suna da amfani a rufe maganar. Shaidar mai amfani a cikin shari'a, ko a fadar hakimi, ba a karɓarta da ido rufe.

Me ya rage masa ƙarfi? Abubuwa da yawa. Soja ɗaruruwa ne suke Maijirgi a ranakun nan. Wajen 300 daga cikinsu sun koma yamma tare da Paliye a wannan shekara, suka bazu cikin garuruwansu. Asirin da mutum ɗari uku suka sani ba ya kwana a ciki. Sannan Bature ba ya ɓuya a ƙasar Hausa ta 1899. Duk inda ya bi sai an gan shi, sai fatake sun kai labari kasuwa ta gaba kafin ya isa. Kuma wa zai ba shi masauki? Daga Ƙwanni har Tasawa ba gidan da sunansa bai shiga da kuka ba. Farin sarkin Tibesti kuwa, ba wanda ya kawo takarda ko shaidar da ta nuna Bule ne.

Jowalan ya rubuta littafi a 1930 a kan abin da ya faru a Dankori, ya tsaya a kan maganarsa ta farko, cewa sojansu ne suka harbe su, aka rufe su a Maijirgi. Kumandan Tasawa kuma ya tona bai ga komi ba. Kaburburan suna nan a garin, baƙi masu binciken tarihi sukan zo su tsaya a kansu su ɗauki hoto, har an nuna su a wani fim mai suna African Apocalypse a shekarar 2020. Daga 1923 zuwa yau ba a sami wanda ya fito da ƙashin Bule ko na Shanwan ya ce ga shi ba.